Ina Karbon Ya Shiga? Tarihin Wani Lissafi

A shekarar 1838 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Anselme Payen, ya ware sinadarin da ke ba kara, ganye da auduga ƙarfinsu, wanda aka sa wa suna selulos. Tambayar da ta biyo baya ta daɗe tana cin ran masana: idan ƙwayoyin bakteriya suka ruɓar da shi a inda babu iska, me yake komawa?

A 1886 Bajamushe Felix Hoppe-Seyler ya jiƙa takarda, wadda selulos ce, a laka, ya ga tana narkewa, iskar metan da ta karbon dayoksaid suna fita. Daga baya Vasily Omelianski na Rasha ya nuna cewa ruɓewar iri biyu ce, wata tana ba da haidurojin, wata metan. Sai dai lakar cike take da ƙwayoyi barkatai, ba a san aikin wa ake gani ba.

Ba'amurke Robert Hungate ne ya warware wannan. Wajajen 1950 ya samo dabarar renon ƙwayoyin tumbin saniya ɗaya bayan ɗaya a kwalbar da iska ba ta shiga. Bincikensa ya bayyana yadda suke mai da ciyawa ruwan asid da saniya ke rayuwa da shi, yayin da metan ke fita ta gyatsa.

Da hankali ya koma kan samar da man etanol daga karan amfanin gona, sai aka dubi Clostridium thermocellum, ƙwayar da aka fara bayyanawa a Jami'ar Wisconsin a 1926, mai son zafin kusan digiri 60. Nan lissafi ya ƙi fita. Kamar ɗan kasuwar da ya ƙirga kaya da kuɗi ya ga giɓi, masana suka haɗa karbon ɗin abubuwan da ƙwayar ke fitarwa, wato etanol, asetat, laktat da iskar karbon dayoksaid, bai kai wanda ta ci ba.

A farkon shekarun 2010 ayarin Lee Lynd na Kwalejin Dartmouth ya bi sawu, ya gano cewa ƙwayar tana zubar da amino asid da wasu sinadaran da ba a saba aunawa ba. Wannan ya nuna wa masana hanyoyin da za su toshe a halittar ƙwayar, domin duk karbon da ya bi wata hanya, etanol ne aka yi asararsa.