Gamji, Jagaba da Ɗan Filinge: Asalin wasu sunayen da suka shahara a waƙoƙin Hausa

Mawaƙin Hausa ba ya ambaton suna a banza. Kusan kowane laƙabi da ya shiga baiti yana da mai shi, kuma yana da dalilin da ya sa aka zaɓe shi a maimakon sunan yanka. Wannan bayani ya bi sawun wasu daga cikin sunayen da ake rerawa har yau, alhali da yawa ba su san mafarinsu ba.

Gamji

Gamji babbar bishiya ce mai faɗin ganye da yalwar inuwa. Da ita aka yi wa Sir Ahmadu Bello kirari, Firimiyan Jihar Arewa daga 1954 har zuwa kisansa a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. Ma'anar a fili take: mutumin da jama'a ke fakewa a ƙarƙashinsa. Makaɗa irin su Musa Ɗanƙwairo Maradun sun taimaka wajen dasa martabarsa a zukatan masu sauraro. Shi kuwa "Sardauna", sarauta ce ta Sakkwato da aka naɗa shi a 1938, shekarar da Abubakar na Uku ya zama Sarkin Musulmi, kujerar da shi ma Ahmadu Bello ya nema. Saboda yawan ambato, sarautar ta kusa shafe sunansa na yanka a bakin talakawa.

Jagaba

Matasa da dama sun fi sanin wannan kalma daga waƙar da Dauda Kahutu Rarara ya yi wa Bola Ahmed Tinubu gabanin zaɓen 2023. Kalmar Hausa ce da ke nufin wanda ke gaba, mai jan ayari. Asalinta a wurin Tinubu sarautar Jagaban Borgu ce, wadda marigayi Sarkin Borgu Haliru Dantoro ya ba shi a 2006, lokacin yana gwamnan Legas. Borgu masarauta ce a Jihar Neja. Ta haka sarautar gargajiya daga Arewa ta koma taken kamfe na ɗan takarar da ya fito daga Kudu maso Yamma.

Ɗan Filinge

Ba duk sunan da aka wasa ne na ɗan Adam ba. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin fadar Sarkin Gobir na Isa, ya yi waƙa guda sukutum a kan wani doki mai suna Ɗan Filinge. Filinge gari ne a Jamhuriyar Nijar, a yankin Tillaberi. A fada, yabon doki yabon ubangidansa ne, domin dokin kirki alama ce ta isa da mulki.

Sunan da ake ɓoyewa

Yabo yana bayyana suna, zambo da habaici kuwa suna sakaya shi. Mawaƙi kan kwatanta abokin hamayyar ubangidansa da dabba, ko ya ambaci wata siffa tasa, ya bar wa masu sauraro su gane wanda ake nufi. Wannan salo kariya ce, amma ba ko da yaushe take hana fushin hukuma ba. A watan Satumban 2019, a tsakiyar takun saƙa tsakanin Gwamna Abdullahi Ganduje da Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, an kama Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa a Kano, bisa zargin fitar da waƙoƙi ba tare da amincewar Hukumar Tace Finafinai ba. Magoya bayansu sun danganta kamen da kusancinsu da fadar.

Abin lura

Waƙa takan fi mulki tsawon rai, shi ya sa masu iko ke kashe dukiya don sunansu ya shiga cikinta. Sai dai waƙar yabo ba rahoton aiki ba ce. Mai sauraron da ya tambayi wanda ya ɗauki nauyin waƙa, da abin da aka tsallake ba a faɗa ba, zai ji daɗin kiɗan ba tare da ya miƙa masa ƙuri'arsa ba.