Yadda Guzurin Matafiyi Ya Faɗa Hannun 'Yan Canji a Ƙasar Mubi

Idan mutumin Muchalla, a ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa, ya ce zai fita ƙasar waje, ba lallai jirgin sama yake nufi ba. Kamaru tana nan bayan duwatsun Mandara da yake hange daga gonarsa, kuma kafin ya kai Gidar ko Garwa dole ya riƙe sefa a aljihu. Maƙwabcinsa da zai je Umara ko asibiti a Indiya dala yake nema. Su biyun, da wuya ka gan su a layin banki. Wurin ɗan canji suke zuwa, mutumin nan mai ƙunshin kuɗi ɗaure da roba da wayar da ba ta daina ƙara, wanda zai lashi yatsa ya ƙirga a gabansu. Mahukunta sun daɗe suna kiran wannan rashin bin doka. Ni kuwa ina ganin tarihi ya nuna gwamnati ce da kanta ta raini kasuwar, tun ranar da ta mai da kuɗin waje abin rabo, ta kuma yanka masa farashin da bai yi daidai da na kasuwa ba.

A da, guzuri ba ya neman izinin kowa. Alhazan da suka bi ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, da dabba da tufa da ƙarfin jikinsu suka tafi, wasu suka shekara da yawa suna aikin auduga a Gezira kafin su haɗa kuɗin tsallake teku. Wuri da azurfar Mariya Tireza suna ci a kasuwanni masu nisa da juna. Iyaka ce ta raba aljihu. Ƙasar Mubi ta kasance cikin Kamarun Jamus, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka raba yankin tsakanin Ingila da Faransa, layin ya ratsa duwatsun Fali da Gude, ya bar ɗan'uwa a nan yana biyan haraji da sule, ɗan'uwansa a can da kuɗin Faransa. A watan Disamba 1945 aka ƙirƙiro sefa. A Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, Arewacin Kamaru ta zaɓi Najeriya, ta zama Lardin Sardauna. Daga nan zuwa jana'izar kawu a ƙauyen da ke bayan dutse ya zama tafiya ƙasar waje a idon doka.

Shekara guda bayan haka, a 1962, Najeriya ta yi dokar da ta tattara kuɗin waje a hannun hukuma. Naira ta zo a Janairun 1973, tare da arzikin mai, har a 1980 dala ɗaya ba ta kai kwabo sittin ba. Muddin baitulmali na cike, matafiyi yana karɓar kuɗin guzurinsa, wato BTA, ba tare da ya ji nauyin dokar ba. Da farashin mai ya faɗi sai ƙugiyar ta fito. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin naira ta rufe iyakoki, musamman don kashe kuɗin da ke wajen ƙasa, kuma a wannan shekarar aka kama mawaƙi Fela Kuti a filin jirgin Legas kan kuɗin Ingila da ke tare da shi, aka yanke masa shekara biyar. Duk wannan tsanani bai kashe kasuwar bayan fage ba. Gwamnatin Babangida ta karya darajar naira a Satumban 1986, sannan a 1989 ta fara ba wa 'yan canji lasisi, wanda amincewa ce da abin da aka riga aka sani a kasuwar canji ta Wapa a Kano. Zamanin Abacha aka daskarar da farashin gwamnati a wajen naira 22, alhali a kasuwa dala ta haura naira 80. Wanda ya samu ta 22 ya tsallaka titi ya sayar, ya ninka kuɗinsa kusan huɗu bai zubar da gumi ba. To wane ne zai bar wa talakan Muchalla irin wannan dala?

Nan ne sefa ta zama ƙofar baya, kuma wannan ɓangaren ne aka fi mantawa da shi. Saboda Faransa ta tsaya mata, a wancan lokacin takardar sefa tana canjuwa zuwa kuɗin Faransa kai tsaye. Ɗan kasuwar da banki ya hana wa dala sai ya tura man fetur da kayan masarufi Kamaru, ya karɓi sefa, ya fita da ita Turai. Abin ya yi yawa har a 1993 manyan bankunan ƙasashen sefa suka daina sayen takardunsu da aka fitar waje, a Janairun 1994 kuma aka karya darajarta da rabi. Garuruwan iyaka irin su Mubi, da kasuwar shanunta da ke cin dabbobin Kamaru da Chadi, sun ƙware a canji ne domin ciniki ba ya yiwuwa sai da shi. Har yau sefar Kamaru daban take da ta Nijar ko da yake darajarsu ɗaya, abin da ɗan canji ya sani sarai, matafiyi da yawa kuwa sai sun isa suke ganewa.

Masu suka suna cewa 'yan canji ne ke karya naira, kuma ta hannunsu kuɗin haram ke bi. Zargi na biyu yana da nauyi, bai kamata mutumin Mubi ya raina shi ba, shi da ya ga garinsa a hannun Boko Haram a Oktoban 2014. An ɗaure 'yan Najeriya shida a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kan aika wa ƙungiyar kuɗi, kuma duk wanda aka samu da irin wannan ya cancanci hukunci. Amma a kwanakin da Mubi ta faɗi ne dubban mutane suka haye duwatsu a ƙafa zuwa Kamaru, bankuna a rufe, kuma mai canji na bakin hanya ne ya mai da 'yan nairorinsu abin sayen gero. Zargi na farko kuwa an gwada shi an gani. Babban Bankin Najeriya ya daina sayar wa 'yan canji dala a Janairun 2016, ya sake dainawa a Yulin 2021, naira ba ta farfaɗo ba ko sau ɗaya. A farkon 2023 farashin gwamnati yana wajen 460, na kasuwa ya wuce 700. Tazarar ba ta ragu sosai ba sai bayan da aka saki farashin a Yunin 2023, da tsadar rayuwar da kowa ya ɗanɗana.

Sai dai daidaita farashi bai gyara ginin tsarin ba. Guzurin banki, dala 4,000 a wata uku ga mai tafiyar kansa, yana neman fasfo da biza da tikitin jirgi da cike fom ta intanet, kuma a Fabrairun 2024 aka ba da umarnin a riƙa zuba shi a kati, ba a hannu ba. A watan Maris na shekarar aka soke lasisin 'yan canji 4,173, a watan Mayu kuma aka ɗaga jarin ƙaramin ɗan canji zuwa naira miliyan 500. Wannan tsari na matafiyin filin jirgi ne. Matar da za ta hau babur daga Muchalla ta kai wa 'yarta kayan haihuwa a tsallaken iyaka ba ta da tikiti ko biza, abin da take nema sefa dubu ashirin ne, kuma cikin shekara sittin da ɗoriya ba a gina mata tagar da za ta saya a kan doka kusa da gida ba.