Dorugu da Abbega: Baftismar Samari Biyu a Ingila da Matsayinta a Tarihin Rubutun Hausa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya fara nazarin tarihin rubutun boko a Hausa yakan haɗu da sunan James Frederick Schön tun a darasin farko, domin shi ne ya wallafa nahawu da ƙamus na Hausa a ƙarni na 19 ba tare da ya taɓa taka ƙasar Hausa ba. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne bakin da Hausar nan ta fito. Yawancinta ta fito ne daga bakin wani saurayi mai suna Dorugu, wanda shi da abokinsa Abbega suka karɓi addinin Kirista, aka yi musu baftisma a Ingila a shekarar 1857. Wannan maƙala za ta bi sawun samarin biyu, ta duba yadda aka yi suka kai ga baftisma, da abin da ya biyo bayanta, da kuma alamar da ta bari a harshen Hausa.

2.0 Daga Bauta zuwa Landan

An haifi Dorugu wajajen shekarar 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Yana yaro aka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya kai Kukawa, babban birnin Barno a wancan zamani. Shi kuwa Abbega ɗan ƙabilar Margi ne, kuma ya girmi Dorugu. Wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, shi ya fanshe su ya 'yanta su. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Cadi a shekarar 1852, sai suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da Abdulkarim.

Tare da Barth suka ratsa Damagaram da Katsina da Sakkwato da Gwandu, suka isa Tumbuktu a 1853. Bayan sun komo Kukawa, sai suka keta Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Landan a 1855. Niyyar Barth ita ce ya mayar da su gida bayan ɗan lokaci. To amma Schön, wanda a lokacin yake aikin limancin asibiti a garin Chatham, ya daɗe yana neman Bahaushen da zai zauna da shi. Tun 1841 ya bi ayarin da Ingila ta tura kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma wallafa ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843, wanda ya tattara daga 'yantattun bayi. Saboda haka ya ɗauki samarin zuwa gidansa, abin da ya jawo saɓani tsakaninsa da Barth.

3.0 Baftismar Baligi a Cocin Ingila

Kalmar baftisma ta samo asali ne daga harshen Girka, inda take nufin tsomawa cikin ruwa. A Cocin Ingila akan yi wa jariri baftisma, iyayen baftisma su amsa tambayoyi a madadinsa. Amma tun 1662 littafin addu'o'in cocin ya tanadi tsari na daban domin wanda ya mallaki hankalin kansa. Bisa wannan tsari, sai an karantar da mutum rukunan addinin, an jarraba shi, an kuma sanar da bishop tun kafin ranar. A ranar, shi da bakinsa zai furta cewa ya rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ya amince da aƙidar da ake kira Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, ya kuma ce yana son a yi masa baftisma. Daga nan limami zai ambaci sunansa, ya zuba masa ruwa ko ya tsoma shi, ya yi masa alamar gicciye a goshi, a gaban shaidu.

Dorugu yana da kimanin shekara 17 a lokacin, Abbega kuma ya ɗara haka, watau dukansu baligai ne masu amsawa da kansu. Sunayen da aka raɗa musu suna nuna da'irar da suka shiga. Dorugu ya zama James Henry Dorugu, Abbega ya zama Frederick Buxton Abbega. James da Frederick sunayen Schön ne. Henry shi ne Heinrich da Ingilishi, kuma sunan Henry Venn ne, sakataren ƙungiyar mishan ta CMS. Buxton kuwa sunan gidan Thomas Fowell Buxton ne, jagoran yaƙi da cinikin bayi, wanda ya tsaya aka tura ayarin 1841.

A nan ne tambayar da ta fi nauyi take tasowa. Ta fuskar tsari, zaɓi ne na baligi, domin kowannensu ya buɗe baki ya amsa. Ta fuskar hali kuwa, samari ne da bauta ta raba da dangi, suna zaune a ƙasar da ba su da kowa, ci da sha da sutura da karatunsu duk suna hannun wanda yake koya musu addinin. Labarin rayuwar Dorugu ma Schön ne ya rubuta shi daga bakinsa. Don haka mai nazari ba zai tsaya ga ranar baftisma kaɗai ba, sai ya dubi abin da kowannensu ya yi bayan ya koma inda yake da ikon kansa.

4.0 Hanyoyi Biyu

Abbega ne ya fara komowa, a 1857, da fatan zai taimaka wa aikin mishan na kogin Kwara. Ya zauna a Lakwaja, garin da William Balfour Baikie ya kafa zango a mahaɗar Kwara da Binuwai, ya yi aikin tafinta ga Turawa. A can ya koma Musulunci, ya yi iyali, ya yi suna, har aka naɗa shi sarkin Lakwaja a zamanin kamfanin Royal Niger. Yana kan wannan sarauta lokacin da Lugard ya kafa tutar Ingila a garin ranar 1 ga Janairu, 1900. Jikansa Maimaina ya bi sawunsa a aikin tafinta, daga baya ya zama sarkin Askira a ƙasar Barno.

Dorugu ya ci gaba da zama a gidan Schön har 1864. Da ya komo, shi ma tafinta ya riƙa yi wa Turawa. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar da karatun boko a makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A nan ya rasu a 1912.

Burin CMS shi ne samarin su zama masu wa'azi a cikin mutanensu, kuma wannan buri bai cika ba. Dalilin a fili yake. Wanda aka yi wa baftisma shi kaɗai a ƙasar waje, ya komo inda aure da ciniki da gado da jana'iza duk suke bin tsarin Musulunci, ba shi da jama'ar da zai jingina da ita. Kwatanci da abin da ya faru a Zariya yana ƙara haskaka wannan. A 1913 wasu daga cikin Isawa, mabiyan koyarwar Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano saboda matsayin da ya ba Annabi Isa, suka zo wurin Likita Walter Miller da ƙafarsu. Sun zo ne da iyalansu da malamansu, suka kafa gari a Gimi. Ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, amma waɗanda suka tsira suka koma Zariya, sannan Wusasa a 1929. Daga zuriyarsu aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

5.0 Gadon da Harshe ya Ci

Inda zaman Chatham ya yi 'ya'ya shi ne fagen harshe. A shekarar baftismar, 1857, aka buga fassarar Linjilar Matiyu da Hausa, littafin Farawa ya biyo baya a 1858. Nahawun Schön ya fito a 1862, ƙamusunsa a 1876, sai Magana Hausa a 1885, wanda ya ƙunshi tatsuniyoyi da karin magana da labarin tafiye-tafiyen Dorugu. Wannan labari yana cikin dogayen zube na farko da aka rubuta da Hausar boko. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da fassararsa ta Ingilishi, haɗe da labarin Maimaina.

Ɗalibin da zai karanta waɗannan matani ya kula da abu uku. Na farko, karin harshen na Damagaram ne, kuma na yaron da ya bar gida da wuri ya zauna cikin Barebari da Larabawa. Na biyu, kunnen da ya ji maganar na Bajamushe ne, rubutun kuma bai bambanta k da ƙ, ko d da ɗ, ko b da ɓ yadda ake yi yau ba, domin haruffa masu ƙugiya sai a shekarun 1930 suka zauna. Na uku, masu fassarar sun ɗauki kalmomin addini da Hausa ta riga ta aro daga Larabci, irin su Allah da annabi da mala'ika da Linjila, suka ɗora musu ma'anar Kiristanci, sannan suka shigo da baƙi irin su baftisma. A kan wannan turba aka bi har aka kammala Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Masu ƙamus na baya, kamar Charles Robinson da kuma Adam Mischlich wanda ya yi aikinsa a Togo ta Jamus ya wallafa a 1906, sun tarar da aikin Schön a gabansu, suka gyara, suka ƙara.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa baftismar 1857 ta cika sharuɗɗan zaɓin baligi a tsarin coci, amma an yi ta ne a halin da samarin ba su da madogara sai mai masaukinsu. Abbega ya koma Musulunci ya yi sarauta a Lakwaja, Dorugu ya ƙare rayuwarsa yana koyar da boko a Kano, kuma jama'ar Kirista Hausawa mai ɗorewa ba ta kafu ba sai da mutane suka zo a ƙungiyance, kamar yadda aka gani a Gimi da Wusasa. Duk wanda ya buɗe Magana Hausa a yau, muryar yaron Dambanas yake karantawa, ko da yake sunan Schön ne a bangon littafin.