Wakalar Al-Ghuri: ginin da aka yi wa tanadin abincinsa tun ranar gini

Tun shekarar 2020 ake ta cece-ku-ce a Masar kan rusa wasu sassa na tsohuwar maƙabartar Alƙahira, wato Ƙarafa, domin buɗe manyan tituna da gadoji. Masana tarihi na kuka, hukuma na cewa cunkoso ya yi yawa. Duk sanda irin wannan muhawara ta taso, tambaya ɗaya nake yi: me ya sa wani tsohon gini yake kaiwa shekara 500 a tsaye, wani kuma ya zama kufai? Amsar da na fi gamsuwa da ita, a wata tsakar gida na same ta.

Wani kwas na wurin aiki ne ya kai ni Alƙahira. Ranar hutu, bayan na yi azahar a masallacin Azhar, sai na bi wani lungu da ke kusa, cikin hayaniyar masu kayan miya da 'yan tuk-tuk. Na ga wata doguwar ƙofar dutse, na sayi tikiti na shiga. Wallahi kamar an toshe min kunne, hayaniyar nan duk ta ɗauke. Fili ne mai kusurwa huɗu, da wurin ruwa a tsakiya, gini hawa biyar ya kewaye shi, tagogin sama na katako ne mai raga da suke kira mashrabiyya. Sunan wurin Wakalar Al-Ghuri.

Sarki Ƙansuh Al-Ghuri, ɗaya daga cikin sarakunan Mamluk na ƙarshe, shi ya gina ta tsakanin 1504 da 1505. Wakala a wurinsu masaukin fatake ce, kusan abin da gidan fatoma yake a wurinmu, sai dai tasu ta fi girma nesa ba kusa ba. Hawa biyu na ƙasa na ajiyar kaya ne da ciniki, hawa uku na sama kuma ɗakunan haya. Da dare a rufe ƙofa ɗaya, kowa ya kwana da dukiyarsa cikin aminci.

To ga inda hikimar take. Al-Ghuri ya gina masallaci da makaranta da hubbare da wurin shayar da ruwa a kan titin Mu'izz, ɗan taƙi kaɗan daga nan. Sai ya sa wakalar cikin dukiyar da ya yi waƙafi, abin da mu kan ce hubusi. Kuɗin hayar da fatake suka biya, da shi ake biyan liman da ladan da malamai, da shi ake gyaran abin da ya lalace. Kun ga tun ranar gini an san inda kuɗin gyara zai fito.

Kada a ɗauka mutumin waliyyi ne. Ibn Iyas, marubucin tarihin da ya yi zamani da shi, ya kawo yadda ya ƙuntata wa jama'a da haraji da ƙwace, har masu ba'a suka riƙa kiran masallacinsa da "masallacin haram". Lokacin ma baitulmali na cikin matsi, don Turawan Fotugal sun zagaya Afirka sun isa Indiya a 1498, suna barazana ga cinikin kayan yaji da Masar ke cin moriyarsa. A 1516 Al-Ghuri ya mutu a fagen yaƙin Marj Dabiƙ, kusa da Halab, a karawarsa da Sarki Salim na Daular Usmaniyya. Ba a ga gawarsa ba, hubbaren da ya gina wa kansa bai kwanta a ciki ba. A 1517 mulkin Mamluk ya faɗi baki ɗaya. Sarki ya tafi, daula ta tafi, amma wakala ta ci gaba da karɓar baƙi, domin tana da aikin yi.

Unguwar nan kuma ba baƙuwarmu ba ce. A shekarar da aka gama ginin, 1505, Imam Suyuɗi ya rasu a Alƙahira, shi da ya taɓa rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. A cikin Azhar an taɓa ware wa ɗaliban Barno ruwaƙi. Malam Muhammadu Al-Kashinawi, Bafulatanin Katsina masanin lissafi, a birnin ya rasu a 1741, a gidan mahaifin Al-Jabarti marubucin tarihi. Akwai kuma ɓangare mai ɗaci: a wata wakalar ta daban, Wakalar Jallaba, ake sayar da bayin da ayari ke kawowa daga ƙasashen Sudan. Idan za mu yi alfahari da na farko, dole mu riƙa faɗin na biyu.

Gaskiya ba waƙafi kaɗai ya kawo ginin yau ba. A 1881 Masar ta kafa kwamitin kula da gine-ginen tarihi na Musulunci, a 1979 kuma UNESCO ta sa tsohuwar Alƙahira cikin wuraren tarihi na duniya. Amma ko bayan an gyara wakalar, ba a garƙame ta ba. An mayar da ita cibiyar al'adu, an ba masu zane ɗakuna, an riƙa yin rawar tannura a tsakar gidan, baƙi na biyan kuɗin shiga.

Mu ma'aikatan gwamnati mun san yadda kasafi yake: kuɗin sabon gini ya fi na gyara saurin fita, don gyara ba a yi masa bikin buɗewa. Shi ya sa idan na ga muna jimamin badalar Kano da ake ta cinyewa, nakan ce jimami kaɗai ba ya riƙe katanga. A shekarun da Al-Ghuri ke gini, kasuwar Kurmi tana nan, kuma har gobe tana ci, saboda mutane na neman abinci a cikinta.

Ga masu hali da ke shirin gina masallaci ko makaranta don neman lada, shawarata ita ce a haɗa da shago ko gidan haya, a rubuta shi hubusi a gaban shaidu. Wane tsohon gini ne a garinku kuke ganin za a iya ba shi aikin yi kafin ya rushe? Ku faɗa mana. Allah Ya sa mu dace.