Waƙar Otis Ce, Amma Aretha Ta Ƙwace Ta



Duk ranar da wani ya ɗora tsohuwar waƙa a zauren nan, mun san abin da zai biyo baya. Sai a yi ta cewa waƙa ta ƙare tun zamanin faifan garmaho, yaran yanzu ba su iya komai ba sai ɗauko ta magabata su sake rerawa. Mu ma muna cikin masu faɗin haka, duk da yawancinmu ba a haife mu ba lokacin da ake yayin kiɗan sol na baƙaƙen fatar Amurka. A waya muka tsince shi, ko a tsofaffin kaset na iyayenmu. To yau ga tarihin waƙar da ta sa muka rage zafin bakinmu.

A shekarar 1965 Otis Redding ya rubuta waƙar da ya sa wa suna "Respect", ya ɗauke ta a kamfanin Stax da ke birnin Memphis. Maganar magidanci ce da ya wuni yana nema, ya kawo abin da ya samu, yana so idan ya shigo gida a ba shi girmansa. Waƙa ce mai daɗi, ga busa ga ganga, kuma ta samu karɓuwa daidai gwargwado. Da a nan ta tsaya, da yau sai masu bin diddigi kaɗai za su tuna da ita.

Sai ga Aretha Franklin. 'Yar wani babban mai wa'azin coci ce a birnin Detroit, C. L. Franklin, aminin Martin Luther King, kuma a cocin mahaifin nata ta koyi waƙa. Ta shafe kusan shekara shida a kamfanin Columbia ba tare da ta yi fice yadda muryarta ta cancanta ba, sannan ta koma Atlantic. Ranar 14 ga Fabrairun 1967 ta shiga ɗakin ɗaukar sauti a New York, ta zauna a kan fiyano da kanta, 'yan uwanta Erma da Carolyn suna yi mata amshi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne yawancin baitukan Otis suna nan, ba ta rushe su ba. Ta gyara wasu kalmomi, ta ƙara amshi, ta ƙara wurin da take kiran haruffan kalmar ɗaya bayan ɗaya kamar mai koya wa yaro karatu. Sauran aikin murya ce ta yi shi. A bakin Otis namiji ne ke neman abin da al'ada ta riga ta ba shi. A bakin Aretha mace ce ta tsaya tana cewa ita ma tana kawowa, don haka a biya ta girmanta, kuma ba roƙo take yi ba. Kalmomi kusan iri ɗaya, magana daban.

Lokacin ma ya taimaka mata. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a watan Yunin 1967, a watan Yuli kuma tarzoma ta ɓarke a Detroit, garin da ta tashi, mutum 43 suka mutu. Baƙaƙen fata masu fafutukar 'yanci suka ji kamar da yawunsu take magana, mata ma haka. A 1968 waƙar ta kawo mata lambar yabo ta Grammy guda biyu.

Shi Otis bai riƙe abin a zuci ba. A bikin waƙa na Monterey a wannan Yunin, cikin raha ya gaya wa jama'a cewa wata yarinya ta ƙwace masa waƙa. Ai ba shi da bakin ƙorafi, don a kundin da "Respect" ta fito shi ma ya rera waƙoƙin Sam Cooke, har da "Satisfaction" ta Rolling Stones. A wancan lokacin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 ta yarda kowa ya sake ɗaukar waƙar da ta riga ta fita kasuwa, muddin zai biya mai ita kuɗin da aka yanka, senti biyu a kan kowane faifai. Watau zamanin nan da muke kewa, da maimaici aka gina shi, sai dai a fili ake yi, ana rubuta sunan marubuci, ana biyansa. Wannan ɓangaren ne ya kamata mu riƙa tambayar mawaƙanmu a kai.

Amma dokar tana da nata zaluncin. A Amurka idan gidan rediyo ya saka waƙa, marubucinta da kamfanin da ke riƙe da haƙƙinta ake biya, ban da wanda ya rera. Otis ya rasu a haɗarin jirgin sama ranar 10 ga Disambar 1967 a jihar Wisconsin, yana da shekara 26. Aretha ta rayu har zuwa 16 ga Agustan 2018, tana rera waƙar sama da shekara hamsin. Duk sakawar da gidajen rediyon ƙasar suka yi wa muryarta a tsawon wannan lokaci, kuɗin ɓangaren Otis ya tafi.