Tarihin Injin Dunƙule Burbushin Ƙarfen Zubi

Duk inda ake feƙe ƙarfe ko huda shi, ba a rasa burbushi a ƙarƙashin inji. Na ƙarfen zubi ya fi kowane wuyar sha'ani. Wannan ƙarfe yana ɗauke da sinadarin kabon kimanin kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, abin da ya sa yake da gautsi, burbushinsa kuma yake fita ƙanana-ƙanana kamar tsaki. Ƙarfe ne mai kyau, amma siffarsa ta daɗe tana hana a amfana da shi.

Matsalar ta girma ne tare da masana'antun Ingila. A shekarar 1774 John Wilkinson ya yi rajistar injin huda bakin igwa, daga baya aka riƙa huda tukwanen injin tururi na James Watt da irin dabararsa. A 1794 kuma ya yi rajistar tanderun da ake kira kufola, doguwar tukunya a tsaye wadda ake jera ƙarfe da gawayin kwal a cikinta, ana hura iska daga ƙasa. Wannan iska ita ce abokiyar gabar burbushi. In an zuba shi a warwatse, wani ya bi iska ya fice ta sama, wani ya ƙone ya shiga cikin kashin ƙarfe, wani kuma ya toshe hanyar iskar. Wanda aka jibge a waje kuwa, tsatsa ta cinye shi.

Abin mamaki, tushen maganin ya samu tun a wannan zamani. A 1795 Joseph Bramah ya yi rajistar injin matsi mai aiki da ruwa, bisa ƙa'idar Blaise Pascal na Faransa: ƙaramin ƙarfi a kan siririn bututu yana zama gagarumin ƙarfi a kan mai faɗi. Sai dai an fi shekara ɗari kafin a haɗa cutar da maganinta.

Yawan burbushin ne ya tilasta haɗin. A baje kolin Paris na 1900 aka nuna sabon ƙarfen yanka na Frederick Taylor da Maunsel White, wanda ba ya dakushewa ko da ya yi ja don zafi. Injuna suka ƙara sauri, tulin burbushi ya ƙaru. A farkon ƙarni na 20 wani injiniya ɗan ƙasar Hangari, Árpád Rónay, ya fito da hanyar dunƙule burbushi ba tare da wani danƙo ba. Ana zuba shi cikin mazubi, a matse shi sannu a hankali har iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ta fita, su sarƙe da juna su zama curi mai nauyi.

Curin yana zama daram cikin tanderu ya narke kamar guntun ƙarfe, don haka asara ta ragu ƙwarai. Matsin yana tatse man sanyaya inji da ya jiƙa burbushin, a sake amfani da shi, kuma curi ya fi sauƙin ajiya da dako. Har yau masana'antun motoci, inda ake feƙe gangar inji da faifan birki, a kan wannan dabara suke mayar da shararsu tanderu.