Jamus a 1815, Kurfai kafin Nasara: haɗin gwiwa ba tare da sarki guda ba

Wani mai sauraro ya tambaye ni me ya sa Kurfai ba ta yi babban sarki ba tun da can, irin na Katsina ko Gobir. Tambayar ta tuna mini da wani darasi da anka yi muna a lise kan ƙasar Jamus, wanda na haddace don jarrabawa kawai, ban gane shi ba sai yanzu.

A 1806 Napoleon ya rusa tsohuwar daular da ta haɗa Jamusawa. Da anka kada shi, manyan Turai sunka zauna a birnin Biyana, a 1815 sunka kafa ƙawance na ƙasashe 39. Majalisa guda gare su a Frankfurt, Ostiriya ce ke shugabanta, amma kowane sarki na riƙe da sojansa, harajinsa da dokokinsa. Me ya hana su zama ƙasa guda? Ƙananan sarakuna ba su son rasa gadon sarauta. Ostiriya da Furusiya kuwa, kamar raguna biyu ne a turke ɗaya, ba mai yarda ɗan'uwansa ya hau. Ingila da Rasha su ma ba su son wani ƙato a tsakiyar Turai, abin da suke so shi ne katanga da za ta tare Faransa. Wato tsoro ne ya haɗa su, kishi ya hana ɗaurin ya yi ƙarfi.

To mu dawo gida. Garuruwan Kurfai, irin su Cikal da Luma, kowane da dattawansa da masu tsafin ƙasarsa. In hari ya taso, ko anka samu saɓani da Buzayen Imanan ko na Tagazar, sai a taru bayan wani mayaƙi. Ƙura na lafawa, kowa ya koma gonarsa, mayaƙin ya koma mutum kamar kowa. A ganina wannan ba rauni ba ne, zaɓi ne: mutanen da sunka sare daji da hannunsu ba su ga dalilin kai hatsinsu fadar wani ba.

Inda labarin ya rabu ke nan. Jamusawa da kansu sunka warware nasu ƙawancen da yaƙin 1866, Furusiya ta ci Ostiriya, a 1871 anka naɗa sarki guda. Mu kuwa Faransawa ne sunka zo suna neman mutum ɗaya da zai tara musu haraji da 'yan aikin dole, sunka ɗora Mayaƙi Gado Namalaya bisa kanton duka. Ba kowa ya amince ba. A 1925 Shibo, wata mata ta Cikal, ta fito da borin Hauka, mabiyanta sunka ƙi bin sarkin kanton, har kwamandan Crocicchia ya sa anka kama su anka tsare a Yamai.